Rarar Ruwa ta Wa Ce? Nazarin Lamarin Kwarin Imperial da Tafkin Salton

Wurin da ruwansa, 1901 zuwa 1979

A kudu maso gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Meziko, akwai wani kwari da ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 75 ba. Da bazara zafi kan haura digiri 45. Duk da haka ana noma kusan hekta 190,000 a cikinsa, ba rani ba hunturu: ciyawar alfalfa ta dabbobi, latas, karas, albasa, kankana, alkama. Sunansa Kwarin Imperial, kuma duk ɗigon da gonakinsa ke sha daga Kogin Kolorado ake jawo shi.

A 1901 aka fara shigo da ruwan, ta wata hanya da ta ratsa cikin Meziko. A 1905 ambaliya ta ɓalle bakin hanyar, kogin ya juyo cikin kwarin, bai daina kwarara ba sai a Fabrairun 1907 da kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya toshe ɓarakar da duwatsu. Ruwan ya taru a wuri mafi zurfi, fiye da mita 80 ƙasa da matakin teku, ya zama Tafkin Salton: tsawonsa kusan kilomita 56, faɗinsa 24, ba shi da mafita sai abin da rana ta shanye. Da an bar shi haka, da tuni ya ƙafe. Ruwan da ke tsiyayowa daga gonaki ne ya riƙe shi fiye da shekara ɗari. A 1911 manoma suka kafa Hukumar Ban-ruwa ta Imperial, a farkon shekarun 1940 kuma aka buɗe sabon kanal mai tsawon kilomita 130 wanda bai taka ƙasar Meziko ba, shi ya sa ake kiransa All-American.

Ƙa'idoji biyu na yammacin Amurka ne ke riƙe da wannan labari. Ta farko, wanda ya riga fara jan ruwan kogi shi ke gaba ranar ƙaranci. Haƙƙin kwarin na 1901 ne, don haka ya sha gaban biranen Los Anjeles da San Diyego. Ta biyu, haƙƙin ruwa na mai aiki da shi ne. A Kalifoniya, wanda ya yi shekara 5 bai taɓa ruwansa ba yana iya rasa shi. Idan aka haɗa biyun, mai tsimi ba shi da riba. Abin da ya rage, na bayansa a layi ne zai kwasa kyauta, kuma gobe ana iya kafa masa hujja da shi cewa dama bai buƙata.

Ma'aunin da suke aiki da shi shi ne eka-ƙafa, wato ruwan da zai rufe eka ɗaya har zurfin ƙafa ɗaya, lita miliyan 1.2 da ɗoriya. Dokar tarayya ta 1928 ta ba Kalifoniya eka-ƙafa miliyan 4.4 a shekara. A 1931 hukumomin ruwa bakwai na jihar suka jera kansu a layi, yankunan noma suka ɗauki miliyan 3.85 na farko a dunƙule, ba a rubuta adadin kowanne ba. Imperial kaɗai na jan kusan miliyan 3, kusan ninki biyu na abin da madatsar Tiga ke ɗauka idan ta cika maƙil.

Ga yadda ruwan ke isa gona a wancan zamani. Manomi ya ba da oda tun jiya. Da sassafe ma'aikacin da suke kira zanjero, sunan Sifananci na mai kula da hanyar ruwa, ya iso a mota, ya ɗaga ƙofar kanal gwargwadon abin da aka nema, ya wuce gona ta gaba. Ana ba da ruwan ne na awa 24 cur. Idan gona ta ƙoshi kafin lokaci ya cika, sauran ya bi ta wutsiyar gona ya faɗa lambatu. Wanda aka sako daga dam kwanaki da suka wuce, mai shi ya fasa, ba ya komawa baya, sai ya zube ta ƙarshen kanal. Kanal-kanal na ƙasa su ma suna tsotse nasu. Akwai kuma kaso na dole: ruwan Kolorado na tafe da gishiri, sai an zuba fiye da abin da shuka ke sha don a kora gishirin zuwa bututun da aka binne a ƙarƙashin gona, in ba haka ba ƙasar ta yi fari fat ta mutu. Duk wannan na haɗuwa a koguna biyu, New da Alamo, ya gangara tafki, kimanin eka-ƙafa miliyan 1 a shekara.

Ƙorafin manomi ɗaya, 1980 zuwa 1990

A shekarun 1970 tafkin ya yi ta tumbatsa. Guguwar ruwa biyu, ta 1976 da ta 1977, suka ƙara masa. Ya cinye gidaje da wuraren shaƙatawa na bakinsa, ya fara shiga gonaki. Wani manomi da gonarsa ke bakin tafkin, bayan ya sha kashe kuɗi wajen tara tudun ƙasa don tare ruwa, ya kai ƙara gaban hukumomin jiha a 1980. Hujjarsa ita ce tsarin mulkin Kalifoniya, tun gyaran 1928, ya hana ɓarnar ruwa, kuma ruwan da ke cin gonarsa ɓarnar hukumar ban-ruwa ce.

Ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha ta bincika, ta ce a 1981 ana iya tsimin sama da eka-ƙafa 400,000 a shekara. A Yunin 1984 hukumar jiha mai kula da haƙƙin ruwa ta yanke hukunci mai lamba 1600: abin da ake yi a kwarin ɓarna ce, a gyara. A 1988 ta sa adadi, eka-ƙafa 100,000 a shekara. Hukumar Imperial ta garzaya kotu tana cewa jiha ba ta da hurumin taɓa tsohon haƙƙinta, ta sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 1990.

Tun a 1979 majalisar jiha ta riga ta buɗe wata ƙofa. Sashe na 1011 na dokar ruwa ya ce ruwan da mai haƙƙi ya tsima ana ɗaukarsa kamar ya yi aiki da shi: ba ya rasa shi, kuma yana iya sayarwa ko ba da haya. Sai dai Kolorado kogin tarayya ne, kwangilolinsa kuma na cewa abin da na gaba bai sha ba na mai bi masa ne. Dokar jiha na cewa rarar taka ce, layin 1931 na cewa ta maƙwabcinka ce. Ga kuma rashin kuɗin gyara, domin hukumar da ke sayar da ruwa da araha ba ta tara abin zuba siminti a ɗaruruwan kilomita na kanal ba.

Cinikin farko, 1985 zuwa 1998

Mai kuɗin yana bayan duwatsu. Hukumar Metropolitan, wadda ke shayar da Los Anjeles da biranen kudancin jihar, tana da hanyar ruwa daga Kolorado mai ɗaukar kusan eka-ƙafa miliyan 1.2, amma tabbataccen kasonta 550,000 ne kawai. Sauran tana cika shi ne da abin da Arizona ba ta sha ba, kuma Arizona, wadda ta ci shari'a a Kotun Ƙoli a 1963, tana gab da gama nata kanal ɗin.

Daftarin farko na 1985 ya rushe saboda adawar mutanen kwarin. Suna ɗaya ke bakin kowa, Kwarin Owens, inda Los Anjeles ta janye ruwa tun 1913 har tafkin wurin ya ƙafe, noma ya durƙushe. Sai a Disambar 1988 aka daidaita: Metropolitan ta biya kuɗin ayyukan tsimi da na kula da su, ta karɓi abin da aka tsima na tsawon shekara 35. Hukumar ruwan Coachella, ta kwarin da ke arewacin tafkin, wadda ke bin Imperial a layi, ta tashi ta ce ai wannan ruwan hannunta ya kamata ya faɗo. Sai da aka yi mata tanadi a wata takarda ta 1989 kafin aiki ya kankama.

Ayyukan ba su da wani abin mamaki. An zuba siminti a kanal-kanal, an haƙa ƙananan tafkunan ajiya don kama ruwan da aka fasa, an sa ƙofofi masu aiki da na'ura, an ba manomi damar yin odar awa 12. Zuwa 1998 an gama, ana samun kimanin eka-ƙafa 105,000 a shekara. Ba gonar da aka bari ba shuka.

San Diyego, da matsin Washinton, 1993 zuwa 2003

Ganin ruwa ya zama haja, attajiran Tekzas 'yan gidan Bass suka sayi gonaki kimanin eka 40,000 a kwarin da niyyar sayar wa birni ruwansu. Lissafin bai fita ba, domin haƙƙin ba a jikin takardar gona yake ba. Hukumar ce ke riƙe da shi amana a madadin masu gonaki. A 1997 suka sayar da filayen. Amma San Diyego, wadda ke neman rage dogaro da Metropolitan, ta riga ta ga hanya. A Afrilun 1998 ta ƙulla da hukumar Imperial kan eka-ƙafa har 200,000 a shekara.

A nan tafkin ya shigo lissafi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Ruwan wutsiyar gona da na ƙarshen kanal, wanda hukuncin 1984 ya kira ɓarna, shi ne abin shan tafkin. Idan aka tsimi eka-ƙafa ɗaya ta hanyar gyaran ban-ruwa, kusan dukkanta daga bakin tafkin aka cire. Idan kuwa gona aka bari saura, tafkin na rasa kusan sulusi ne kawai, tunda sauran dama shuka ce ke shanyewa. Tafkin mafaka ne ga tsuntsaye iri sama da 400, ciki har da kwasakwasa masu cin karfasar da ke cikinsa, kuma akwai waɗanda doka ke karewa. Don haka dokar muhalli ta tura cinikin wajen barin gonaki saura, abin da mutanen kwarin suka fi tsana, domin gonar da ba a shuka ba ba ta ɗaukar lebura, ba ta sayen taki, ba ta hayar tarakta. Gundumar Imperial na da mutane kusan 180,000, akasarinsu 'yan asalin Meziko, kuma tana cikin wuraren da rashin aiki ya fi tsanani a Amurka.

A lokacin Kalifoniya na jan kusan eka-ƙafa miliyan 5.2, ta zarce kasonta. Sakataren cikin gida na Amurka a lokacin, Bruce Babbitt, ya matsa mata ta koma 4.4, a 2001 aka ba ta damar sauka a hankali, bisa sharaɗin hukumominta su daidaita kafin ƙarshen 2002. A Disambar 2002 shugabannin hukumar Imperial suka yi watsi da daftarin, ƙuri'a 3 da 2. A Janairun 2003 magajiyar Babbitt, Gale Norton, ta yanke wa jihar ƙarin da take sha, ta zaftare odar Imperial, aka kuma buɗe binciken tarayya kan ko kwarin na ɓarna. Kwarin ya ga cewa abin da bai sayar ba ana iya karɓewa ba ko sisi. A Oktoban 2003 shugabannin suka amince, shi ma 3 da 2.

Abin da aka sa wa hannu a 2003

A karon farko aka rubuta wa Imperial adadi: eka-ƙafa miliyan 3.1, ba ƙari. Daga ciki San Diyego za ta fara da 10,000 a 2003, ana hawa har 200,000 a 2021. Coachella za ta kai 103,000. Wa'adin shekara 45 ne, ana iya ƙara 30. Shekara 15 na farko za a dogara da barin gonaki saura, a kuma riƙa zuba wa tafkin ruwan diyya, jimillar eka-ƙafa 800,000, har ƙarshen 2017. An ƙayyade abin da hukumomin ruwa uku, na Imperial da Coachella da San Diyego, za su biya na gyaran muhalli a dala miliyan 133. Abin da ya haura haka, da farfaɗo da tafkin kansa, jihar Kalifoniya ta ɗauka a wuyanta. An ba ta shekara 15 ta shirya.

Siminti a babban kanal, 2005 zuwa 2010

Kanal ɗin All-American na ratsa tuddan yashi, yashin kuma na shan kasonsa. Tun 1988 majalisar tarayya ta amince a gyara. Aka gina sabon sashe na siminti mai kilomita 37 a gefen tsohon, wanda ke ceto eka-ƙafa 67,700 a shekara, akasarinsu zuwa San Diyego, wani kaso kuma ga ƙabilun asali na yankin San Luis Rey.

Ruwan da yashin ke sha ba ɓacewa yake yi ba. Yana bi ta ƙarƙashin iyaka ya cika rijiyoyin manoman Kwarin Meksikali na Meziko, waɗanda suka yi fiye da shekara 60 suna noma da shi, ya kuma raya fadamun Andrade. A 2005 wata ƙungiyar Meksikali da masu kare muhalli suka shigar da ƙara, kotu ta dakatar da aiki a 2006. A Disambar wannan shekara majalisar tarayya ta yi doka cewa a ci gaba ba tare da jinkiri ba, a 2007 aka janye dakatarwar. Matsayin Amurka shi ne yarjejeniyar 1944 ta ba Meziko eka-ƙafa miliyan 1.5, yoyon kanal kuwa ba ya ciki.

Tafki ya fara ja, 2007 zuwa 2021

A 2007 jihar ta fitar da shirin farfaɗo da tafkin na dala biliyan 8.9. Majalisa ba ta ba da kuɗin ba. Shekaru suka yi ta tafiya a kotu kan halaccin yarjejeniyar kanta: an soke ta a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2011, aka tabbatar da ita a 2013. A Satumban 2012 iska ta kwashi warin tafkin, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ta kai shi har Los Anjeles.

A gonaki kuwa aiki na tafiya. Daga 2013 hukumar ta fara biyan manoma kan kowace eka-ƙafa da suka tsima ta hanyar ban-ruwan ɗigo, da na yayyafi, da daidaita fuskar gona, da famfon mayar da ruwan wutsiya zuwa kan gona. Manomi na sayen eka-ƙafa kan dala 20, San Diyego na biyan ɗaruruwan daloli a kanta, tazarar nan ce ke ɗaukar nauyin kayan aiki. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatar da cewa haƙƙin na hukuma ne, abin da manomi ke da shi shi ne a kawo masa ruwa.

Ruwan diyya ya tsaya a ƙarshen 2017 kamar yadda aka rubuta. Daga nan tafkin ya riƙa sauka kusan ƙafa ɗaya a shekara. Gishirinsa, wanda ya ɗan zarce na teku a 2003, ya doshi ninki biyun na teku. Karfasa ta yi ƙaranci, tsuntsaye masu cin kifi suka ragu. A garuruwan bakin tafkin, gadojin da ake ɗaure jiragen ruwa suna tsaye a kan busasshiyar ƙasa, abin da ake takawa a gaɓa kuwa farin garin ƙashin kifi ne da ɓawon ƙananan halittun ruwa. Dubban hekta na laka sun fito fili, laka mai ɗauke da gishiri da ragowar abin da gonaki suka wanko shekara da shekaru, iska na tashi da ita. Yaran gundumar na zuwa sashen gaggawa na asibiti saboda asma kusan ninki biyu na matsakaicin jihar. Ƙurar hamada da ƙona gonaki na da nasu kaso a ciki, sabuwar gaɓar kuma ƙari ce a kan wannan.

A 2017 jihar ta koma ƙaramin shiri, eka 29,800 na kududdufan tsuntsaye da aikin danne ƙura kafin 2028. Babban aikin farko, mai eka kusan 4,100 a bakin Kogin New, sai a 2021 aka fara gina shi, shekara 18 bayan sa hannu.

Fari, 2019 zuwa 2024

Da jihohi bakwai na kogin suka tsara shirin fari a 2019, Imperial ta ƙi sa hannu sai an ba da kuɗin tafki, aka wuce ba ita. A Yulin 2022 Tafkin Mead, babban rumbun kogin, ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin 100. A ƙarshen shekarar gwamnatin tarayya ta yi alkawarin dala miliyan 250 ga Salton, ta ɗaura shi da ƙarin tsimi. A 2024 hukumar ta amince ta bar har eka-ƙafa 700,000 a Mead zuwa 2026, ana biyan manoma su dakatar da shayar da alfalfa da sauran ciyawa na kwana 45 zuwa 60 a tsakiyar zafi.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Umarni kaɗai bai motsa ruwa ba. Daga 1984 zuwa 1988 akwai hukunci, babu kuɗin gyara. Kuɗi kaɗai ma bai isa ba, ga 1985, ga Disambar 2002. Ruwa ya motsa ne a lokuta biyu da abubuwa uku suka haɗu: tsoron a karɓe shi kyauta, dokar da ta ce rarar ta mai tsimi ce, da mai saye da zai biya kuɗin aikin tun kafin ya ga ɗigo. Ƙayyade adadin 2003 shi ne ginshiƙi, domin ba a iya auna ragi daga kason da ba a san yawansa ba. Idan aka tara duka, abin da kwarin ke tsimi ya doshi eka-ƙafa 500,000 a shekara, Kalifoniya ta koma cikin kasonta, kuma kwarin na nan yana noma. Bai zama Owens ba. Wannan nasara ce ta gaske, ban ga dalilin rage mata daraja ba.

Inda na ga an gaza shi ne a ma'anar kalmar ɓarna. An auna ta daga ƙofar gona, alhali a kan kogi gaba ɗaya kaɗan ne daga ruwan ke ɓacewa. Yoyon babban kanal na da masu shansa a Meksikali, ruwan wutsiya na riƙe da tafki, tafkin kuma na rufe da lakar da yanzu yara ke shaƙa. Dokar 1979 ta warware rigima tsakanin masu takarda, wato hukumar ban-ruwa da birane, ba ta ce komai ba kan masu rayuwa da rarar ba tare da takarda ba. Ba jahilci ba ne, domin kafin 2003 kowa a teburin ya san abin da zai sami tafkin, shi ya sa ma aka yi tanadin shekara 15.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo na tsari ne. An rubuta wa masu saye iyakar abin da za su biya, aka jingina sauran ga alkawarin jiha wanda ba a ware masa kuɗi ba, ba a kuma ɗaura tafiyar ruwa da cika shi ba. Da an ce kason San Diyego ba zai hau mataki na gaba ba sai an gama eka kaza na danne ƙura, da birni mai murya ya zama mai bin bashin aikin, ba talakawan gundumar kaɗai ba. Da kuma an ware wa tafkin wani kaso na dindindin daga duk abin da aka tsima, kamar yadda jihar Oregon ta yi a dokarta ta 1987, inda aƙalla rubu'in rarar ke komawa hannun jiha don a bar shi a kogi, da cinikin ya yi tsada amma bai bar rami haka ba. Yarjejeniyar na gudana har 2047. A jadawalinta an rubuta kason San Diyego na kowace shekara har ƙarshe, ruwan diyyar tafkin kuwa layinsa ya tsaya a 2017.